DARASIN KIMIYYA: YADDA MUKA GYARA TSOHUWAR NA'URAR GWAJIN BAWUL

Gabatarwa

 Kamar yadda muka saba, sashen kimiyya yakan kawo darasi guda a cikin wannan littafi, domin ɗalibai su tafi da shi gida lokacin hutu, iyaye da 'yan'uwa na ikkilisiya kuma su ga abin da 'ya'yansu suke koyo. Darasinmu na bana a kan wata tsohuwar na'ura ne, wadda ta girmi kusan dukan malaman makarantar nan. Muna roƙon mai karatu ya bi mu a hankali, gama akwai lissafi kaɗan a ciki, akwai gargaɗi, akwai kuma abin da ya shafi halin kowannenmu.

Yadda muka same ta

A farkon zango na biyu, sa'ad da 'yan ƙungiyar kimiyya suke share tsohon sito na bayan majami'a, sai suka ci karo da akwatuna biyu a ƙarƙashin karyayyun bencina. Na farko rediyo ne babba mai gidan katako. Na biyu akwati ne mai nauyi, da allura irin ta agogo a fuskarsa, da maɓallan murɗawa da yawa, da ramuka masu ƙananan ƙofofi. Ba wanda ya san ko mene ne, sai da muka kira wani dattijo na ikkilisiyarmu wanda ya yi sana'ar gyaran rediyo a Kaduna tun yana saurayi. Da ya gan shi ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "'Ya'yana, wannan shi ne alƙalin bawul. A zamaninmu wanda yake da shi a shago, shi ne babban makaniki."

Wani zai ce, ina amfanin wahala a kan tsohon rediyo a zamanin wayar hannu? Mu mutanen Birnin Gwari muna da amsa. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 an rufe layukan waya a wannan yanki saboda yaƙi da 'yan bindigar daji. A waɗannan makonni waya ta zama abin haska hanya kawai. Wanda yake da rediyo da batir shi ne ya san abin da duniya take ciki, maƙwabta kuwa suna zuwa ƙofar gidansa su ji labari. Tun daga lokacin muka ƙudurta cewa ɗalibinmu ba zai bar makarantar nan ba sai ya san yadda rediyo yake aiki. Ga shi kuwa tsohon rediyo ya fi sabo daɗin koyarwa, domin kowane sashe nasa babba ne, ido yana ganinsa.

Mene ne bawul?

Kowa ya san bawul na tayar keke: iska tana shiga ta cikinsa, amma ba ta komowa. Daga nan sunan ya yi daidai da abin da muke magana a kai. Bawul na rediyo 'yar kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta, aka liƙe bakinta. Wutar lantarki tana bi ta cikinta ta fuska ɗaya kaɗai.

A cikin kwalbar akwai abubuwa huɗu da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Na ɗaya, siririyar waya mai yin zafi, wadda muka sa wa suna murhu. Na biyu, katod, watau ɗan bututun ƙarfe da ke kewaye da murhun, an shafe shi da wani farin sinadari mai bariyom. Idan ya yi zafi kimanin digiri 800, sai ya riƙa sakin ilektiron, waɗannan ƙananan ƙwayoyi da tafiyarsu ita ce wutar lantarki. Na uku, anod, faifan ƙarfe wanda ake ba shi ƙarfin wuta mai yawa, ya jawo ilektiron zuwa wurinsa. Na huɗu, raga, watau waya da aka nannaɗe tsakanin katod da anod.

Ragar nan ita ce asirin abin. Ku tuna da mai ban ruwa a fadama. Da ɗan dunƙulen ƙasa a hannunsa yana toshe bakin kwari ko ya buɗe shi, ruwa mai yawa kuwa ya bi umarninsa. Haka raga take. Ɗan canji kaɗan a ƙarfin wutar da ke kanta yakan kawo babban canji a wutar da ke gudu zuwa anod. Ta haka ne raunanan saƙo da eriya ta kamo daga nesa yake ƙaruwa har ya motsa lasifika.

Ɗan tarihi

A 1904 wani masani na Ingila, John Ambrose Fleming, ya ƙera bawul na farko mai katod da anod. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya ƙara raga. Daga nan har shekara hamsin, rediyo da talabijin da wayar nesa duka a kan bawul suka dogara. Kwamfutar nan ENIAC da aka nuna wa duniya a Amurka a 1946 tana da bawul fiye da 17,000. A 1947 aka ƙirƙiro taransista a ɗakin bincike na Bell, a 1954 kuma aka fara sayar da rediyon aljihu mai taransista. Taransista ƙarama ce, ba ta bukatar murhu, ƙaramin batir ya ishe ta, saboda haka ta kori bawul daga gidaje.

Zamanin bawul ya haɗu da farkon rediyon Hausa. Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, gidan rediyon Arewa na Kaduna kuma a 1962. Iyayenmu masu bi suna tunawa da tashar ELWA wadda mishan na SIM ta buɗe a Laberiya a 1954, da kuma shirye-shiryen Muryar Bishara da ake haɗawa a Jos, ana watsa su daga Adis Ababa daga shekarun 1960 har 1977. Har wa yau bawul bai mutu ba. Na'urar ɗaukar hoton ƙashi a asibiti da kwalba irin wannan take aiki, haka ma tandun lantarki na makirowef, kuma ana ƙera wasu bawul sababbi domin amfilifaya ta masu kaɗa jita.

Sunayen bawul na Turai suna da ma'ana. Harafin farko yana nuna murhu: E na nufin bolt 6.3. Haruffan da ke biye suna nuna aikinsa: L mai ƙarfafa sauti na ƙarshe, Z mai daidaita wuta ta bi fuska ɗaya. Lamba ta tamanin da wani abu tana nufin ƙafafu 9. Rediyonmu yana da guda biyar: ECH81, EF89, EBC81, EL84 da EZ80.

Aikin na'urar gwaji

Bawul yana tsufa kamar mutum. Farin sinadarin katod yana ƙarewa, murhu yana iya tsinkewa, sassa biyu suna iya taɓa juna, iska tana iya shiga. Ido yana gane abu ɗaya kawai: akwai tabo mai sheƙi kamar madubi a cikin kwalbar, in ya koma fari kamar alli, to, iska ta shiga, bawul ya mutu. Sauran cututtukan sai da awo. Domin haka kamfanoni irin su AVO da Mullard a Ingila, da Hickok a Amurka, suka ƙera na'urorin gwaji.

A cikin tamu akwai taransifoma mai bakuna da yawa, mai ba da ƙarfin wuta iri-iri. Akwai maɓallai masu haɗa kowace ƙafar bawul da wutar da ta dace da ita. Akwai kuma allura mai nuna sakamako. Tana yin gwaji biyar: ko murhu yana da rai, ko akwai sassan da suke taɓa juna, yawan wutar da ke gudu zuwa anod, yadda raga take sarrafa wannan wuta, da ko akwai ragowar iska a ciki.

Gwaji na huɗu shi ne mafi muhimmanci. Alal misali, littafin masu ƙera EL84 ya nuna cewa idan anod yana da bolt 250, raga kuma tana bolt 7.3 ƙasa da katod, wutar anod za ta kai miliamfa 48. In aka canza wutar raga da bolt 1, wutar anod za ta canza da kimanin miliamfa 11. Wannan lamba ta biyu ita ce ƙarfin bawul na gaske.

Gargaɗi kafin a taɓa

Ɗalibai, ku karanta wannan sashe sau biyu. A cikin irin waɗannan na'urori akwai bolt 250 zuwa 400, wanda ya isa ya tsai da zuciyar mutum. Kwandansa kuma takan riƙe wuta ko bayan an zare waya daga bango. Dokokinmu su ne: ba a aiki sai malami yana tsaye, a zare waya kafin a buɗe, a zubar da wutar kwandansa ta hanyar rizista, a kuma auna a tabbata, a sa takalmin roba a busasshen wuri, in ana awo da wuta a ciki, hannu ɗaya yana bayan mutum. Kada wani ya je gida ya buɗe tsohon talabijin na kakansa da sunan gwaji. Rai ɗaya ne, ba a sayar da shi a kasuwa.

Matakan gyara

Mataki na farko, haƙuri. Yaran sun so a sa ta a wuta nan take. Baba ya hana. Ya ce na'urar da ta yi shekaru tana barci ba a tashe ta da tsawa.

Mataki na biyu, dubawa da sharewa. Ƙasarmu ba ta raga wa kayan lantarki. Muna bakin dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Da damina raɓa da laima suna shiga ko'ina, da hunturu kuma ƙura ta biyo baya. Mun tarar gara ta cinye murfin katako, zanzaro ya gina ɗakuna uku a jikin taransifoma, ɓera ya ɗanɗana wayoyi, ƙafafun maɓallai sun yi tsanwa. Mun yi sati biyu da burushin fenti da tsohon burushin haƙori da sifirit. Ba mu sa ruwa ba, ba mu kuma taɓa allura ba, gama igiyarta ta fi gashi siranta.

Mataki na uku, wayar wuta da fis. Robar tsohuwar wayar ta bushe tana marmashewa. Muka sa sabuwa mai jijiya uku, muka ɗaure ta ukun a jikin ƙarfen akwatin, domin in wuta ta ɓalle ta bi ƙasa maimakon jikin mutum. A wurin fis muka tarar wani ya taɓa naɗa waya mai kauri. Wannan mugun hali ne da ya ƙone gidaje da yawa. Muka sa fis na gaske.

Mataki na huɗu, kwandansa. Na zamanin da, da takarda da kakin zuma aka yi su, laima kuwa takan shige su har su riƙa yoyon wuta. Muka canza su duka. Kayan daga Kaduna aka sayo mana, kuma mun gode wa Allah da hanyar ta samu sauƙi bayan sulhun da aka yi a Nuwamba 2024, watan da aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin nan. Kafin a cire kowace waya, ɗalibi ɗaya yana zana hotonta a littafi.

Mataki na biyar, tashin farko. Baba ya koya mana wata dabara. Aka haɗa ƙwan lantarki irin na da, mai wat 100, a jere da na'urar, yadda duk wutar da za ta shiga sai ta bi ta cikin ƙwan. In akwai wayoyin da suka haɗu a ciki, ƙwan zai haska sosai ya shanye wutar, taransifoma ta tsira. In lafiya, zai yi ja kaɗan kawai. Muka kunna. Ƙwan ya yi ɗan ja kamar garwashi. Yara suka yi tafi.

Kuskuren da muka kusa yi

Cikin murna muka ciro bawul biyar na rediyon muka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Dukansu allura ta ce sun gaji. EL84 da ya kamata ya ba da miliamfa 48, ya ba da 33. Mu malamai muka yanke hukunci cewa rediyon ya gama yayi, har wani ya kawo shawara a fasa kwalaben domin 'yan aji ɗaya su ga cikinsu. Da mun yi haka da mun yi asarar da ba ta da magani, domin wasu daga cikinsu samunsu yana da wuya ƙwarai yanzu.

Sai wata ɗaliba 'yar aji biyar, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a gafarce ni. Yaya za a yi su biyar su gaji daidai wa daida? In mai awo ya auna buhu biyar duka suka kasa da tiya uku uku, ni mudun zan duba."

Baba ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Malam, 'yar nan ta fi mu. Wa ya gwada mai gwajin?"

Dole mu faɗi gaskiya, mun ji kunya. Mun gaskata allurar ne kawai domin akwatin yana da kwarjini, an kuma ƙera shi a Turai.

Yadda ake gwada mai gwaji

Hanyar ita ce a ba na'ura tambayar da muka riga muka san amsarta. A nan dokar Om, wadda Georg Ohm na Jamus ya wallafa a 1827, ta yi mana rana. Dokar ta ce yawan wutar da ke gudu daidai yake da ƙarfin wuta a raba da juriya.

Muka ɗauki sabon rizista mai om 10,000, wanda zai iya jure wat 5. Da wuta a kashe, muka sa shi a ramin bawul tsakanin ƙafar anod da ta katod. Muka kunna, muka daidaita ƙarfin wuta, muka tabbatar da mita ta zamani cewa bolt 100 ne cif. Lissafi ya ce 100 a raba da 10,000 ya ba da amfa 0.01, watau miliamfa 10. Allurar tsohuwar na'ura kuwa ta tsaya a kan 7. Ashe duk abin da ta auna tana cinye kusan kashi uku cikin goma.

Muka bi hanyar da wuta take bi zuwa allura, muna auna rizista ɗaya ɗaya. Muka sami mai laifin. Launukan jikinsa ja, ja, ja ne, ma'ana om 2,200, amma da aka auna shi ya kai 3,100. Irin wannan rizista na garin gawayi yakan ƙara juriya in ya tsufa ya sha laima. Ku raba 2,200 da 3,100, za ku sami kusan 0.7. Lissafi ya yi daidai da abin da ido ya gani. Muka liƙa sabo da dalma, muka sake gwaji, allura ta hau kan 10.

Wani abu kuma: wutar ƙasarmu bolt 230 ce a ƙa'ida, amma ta janareta tana hawa tana sauka. Na'urar tana da maɓallin daidaita wannan, kuma wajibi ne a duba shi kafin kowane awo.

Sakamako

Da muka sake gwada bawul ɗin, EL84 ya ba da miliamfa 46, raga kuma tana sarrafa shi yadda ya kamata. Uku na gaba su ma lafiyarsu lau. EZ80 ne kaɗai ya gaji da gaske. A madadinsa muka sa ƙananan dayod biyu na zamani tare da rizista mai rage ƙarfin wuta. Muka canza kwandansa na rediyon kamar yadda muka yi wa na'urar, muka ɗaura doguwar waya daga taga zuwa bishiyar mangwaro. Ran wata Jumma'a da yamma muka kunna. Bawul ba ya magana nan take, sai murhu ya yi zafi. Muka jira kusan rabin minti, ba mai tari. Sai ga shuu, sai ga muryar mutum yana karanta labarai da Hausa a gajeren zango. Baba ya cire hularsa ya yi addu'a.

Abin da muka koya

Na ɗaya, ma'auni ma yana bukatar a auna shi. Wannan ya shafi sikelin ɗakin shan magani, da mudun kasuwa, da jan biro na malami. Littafin Karin Magana sura 11 aya 1 ya nuna mana yadda Ubangiji yake ƙin awon zamba, yake kuma jin daɗin awo na gaskiya. Na'urarmu ba ta yi niyyar ƙarya ba, a hankali ta kauce, shekara bayan shekara, ba ta sani ba. Lamirin mutum ma haka yake kaucewa in ba a kawo shi gaban Maganar Allah a kai a kai ba.

Na biyu, kada mu yi saurin yanke wa mutum hukunci. Mu malamai mun tambayi kanmu, yara nawa muka ce ba su da ƙoƙari, alhali jarrabawarmu ce take da gyara? A garin da ya sha wahala irin namu, inda zargi yake da arha tsakanin maƙwabta, wannan tambaya ta wuce ɗakin aji.

Na uku, ilimi yana wurin tsoho, yana kuma wurin yaro. Dabarar Baba ce ta ceci taransifoma, tambayar yarinya ce ta ceci bawul.

Tambayoyi domin nazari a hutu

1. Faɗi sassa huɗu na bawul da aikin kowanne.
2. In aka sa bolt 150 a kan rizista mai om 10,000, miliamfa nawa za su gudu?
3. Tsohuwar allura kafin gyara, me za ta nuna a tambaya ta 2?
4. Don me ake haɗa ƙwan lantarki a jere da tsohuwar na'ura?
5. Nemi dattijo a unguwarku, ka tambaye shi ranar da ya fara jin rediyo, ka rubuto mana shafi ɗaya.

Na'urar da rediyon suna ɗakin kimiyya, kafinta ya yi musu sabon murfi na maɗaci. Duk mai tsohon rediyo a gida, kada ya yar, kada kuma ya sa shi a wuta. Ya kawo mana in an dawo hutu.  Ubangiji ya kiyaye mu a hanya, ya dawwamar da salama a ƙasar Birnin Gwari. Amin.